Makin da Armiya'u Ya Ajiye

Ni na koya wa Armiya'u wasan nan, kuma ba sau ɗaya ba na yi da-na-sani, don ban taɓa ganin mai magani da ya yi sanadin mutuwata sau da yawa kamarsa ba. A cikin waya nake nufi, kada wani ya tashi hankalinsa.

Sunana Sadiq. Gyaran waya nake yi a Ƙaura Namoda, shagona yana kan hanyar tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda sabis ya ɗan fi zama. Armiya'u taubashina ne, ɗan Kawu Usmanu na Dauran, saboda haka tun muna yara ba mu iya gaisawa sai da tsiya. Ya girme ni da shekara huɗu, amma ban taɓa yarda da wannan a gaban mutane ba. Dogo ne siriri, mai jinkirin magana. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya yi nazari tukuna.

Kawu Usmanu mai magani ne, na saiwa da sassaƙe. Armiya'u ya tashi yana bin sa daji da buhu a kafaɗa, ya san bishiyar da ake sara da wadda ake tona. Kawu ba ya kewaye bishiya da sara. Gefe ɗaya yake ɗiba, ya shafe wurin da ƙasa, sannan ya wuce. Da Armiya'u ya gama sakandare ya tafi makarantar koyon aikin lafiya, mutane suka ce ya guji gado. Kawu bai ga haka ba, ya ce ai magani duk magani ne, nasa a buhu, na ɗansa a kwalba. Ya rasu yana alfahari da shi.

Shekara goma sha ɗaya Armiya'u ya yi a wani ɗan asibitin ƙauye gaba da Dauran, mai ɗaki biyu da rumfa. Shi ne mai duba marasa lafiya, shi ne mai allura, ranar da mai shara bai zo ba shi ne mai shara. Mutanen ƙauyen Likita suke ce masa. Ya gaji da gaya musu shi ba likita ba ne, ya bar su. Yawancin aikinsa na yara ne masu tamowa. Kullum akwai wani ɗan tef a aljihun rigarsa, na auna dantsen yaro, mai launi uku. In awo ya tsaya a kore, yaro lafiya lau. In ya tsaya a ruwan ɗorawa, a sa ido. In ya faɗa ja, a bar komai a kama shi. Ko biki ya zo gidanmu, sai ka ga yana kallon dantsen 'ya'yan mutane. Na sha ce masa wata rana sai an mare shi.

Shekara biyu da suka wuce ya sauka Ƙaura da katifa a kan mota, da matarsa Nadiya da 'ya'yansu mata biyu. Ya ce an rufe asibitin saboda 'yan bindiga. Gaskiya ne an rufe, kamar yadda aka rufe da yawa a wannan yanki namu. Amma sauran abokan aikinsa an canja musu wuri sun ci gaba, shi kuwa bai je ko'ina ba. Muka ba su ɗaki a gidanmu. Da safe ya biyo ni shago ya zauna a benci, yana karɓar wayoyin masu caji yana jona musu. Mutumin da ke sa wa jariri ruwa a jijiyar da ko gani ba a yi, ya koma neman cajar da ta dace da gindin waya. Ranar da maƙwabciyarmu ta kawo masa ɗanta da zazzaɓi, ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce ta kai shi asibiti, ya kau da kai. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, kuma na gaya masa. Ya ci gaba da jona cajarsa.

Wadda ta fi kowa damuwa da zamansa ita ce Sista Asibi, babbar ma'aikaciyar jinya wadda ta koya masa aiki tun yana ɗalibi. Yanzu tana riƙe da wani ɗakin kwantar da yara masu tamowa a Shinkafi, kuma hannu ya yi musu kaɗan. Duk wata sai ta kira shi. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce Allah ya nuna mana, ya kashe waya. Haka aka yi ta yi.

To, mu koma kan wasan. Irin wanda ake yi ta intanet ne, kowa da wayarsa, kowa ya ƙera mutuminsa, ku haɗu ku huɗu ku shiga daji ko kogo ku yaƙi dodo. Kowa da aikinsa. Ni ne mai garkuwa, ni nake tsayawa gaban dodo ina shan duka don kada ya kai ga sauran. Jibrin, ɗan kabu-kabu daga Kasuwar Daji, shi ne maharbi. Imrana, wani ɗalibi da ke zuwa gyaran waya har ya zama ɗan shago, shi ke jifa da wuta. Bayan la'asar muke zama, lokacin da kasuwa ta yi sanyi Jibrin kuma ya ajiye babur ya sha ruwa. Abin da muka rasa shi ne mai magani, wanda zai tsaya baya yana warkar da mu. Ba wanda ke son wannan aiki. In an ci nasara ba a tuna da kai, in an faɗi kai ake zagi.

Wata rana na dubi Armiya'u yana zaune yana ƙirga motocin da ke wucewa, na ɗauko wata waya mai tsagaggen gilashi da nake gwaji da ita, na jefa masa a cinya.

"Tunda ka ƙi mutane, zo ka warkas da aljanu," na ce.

"Ni ba yaro na ba."

"To mi kaka yi da ya hi shi? Tsaron caja?"

Ya ɗauka don in rabu da shi. Amma abin da ni na yi cikin minti biyar, wato ƙera mutumi, shi kwana uku ya yi a kai. Masu magani iri biyu ne a wasan. Akwai wani mai farar alkyabba da ke ɗaga hannu sama haske ya sauko. Armiya'u ya dube shi ya ce bai san wa yake roƙo ba, ba ruwansa da shi. Na biyun wai shi duruwid, mutumin daji ne, daga itatuwa da ganyaye yake samun maganinsa, yana riƙe da sanda mai toho a kai. Na ce masa ga boka nan ya samu. Ya ce ba boka ba ne, mai sassaƙe ne, kuma in iya bakina. Ya zaɓa masa fuskar dattijo da ɗan gemu, ya rage masa tsawo, ya cire masa ƙahon barewar da aka ɗora masa a ka, ya ce wannan wauta ce, mai shiga sarƙaƙiya ba ya sa ƙaho. Da aka zo suna, ya rubuta Sabara. Na gane Kawu ya ƙera, amma ban tsokane shi ba. Ko taubashi ya san inda yake tsayawa.

A wasan, duk matakin da mutuminka ya hau ana ba ka maki ɗaya, kai za ka zaɓi inda za ka sa shi. Shi duruwid hanya uku gare shi. Ko ya koyi rikiɗa ya zama dabba ya yi faɗa, ko ya koyi kiran iska da tsawa, ko ya bi hanyar warkarwa. Masu wayo sukan ɗan tsakura nan da can, don in dodo ya juyo kansu su iya kare kai. Armiya'u ko maki ɗaya bai sa a faɗa ba. Ya samo tsohon littafin rubutu na 'yarsa, ya ja layi, ya rubuta kowane magani da tsawon lokacin da yake ɗauka da yawan ƙarfin da yake ci. Akwai ganyen da ake liƙa wa mutum ya riƙa warkewa a hankali. Akwai saiwar da ke ɗaga mutum nan take amma tana cin ƙarfi. Akwai yayyafi da ke sauka a kan kowa da kowa. Ƙarfin maganin wani shuɗin layi ne a ƙasan gilashi, in ya ƙare ka zama ɗan kallo. Armiya'u sito yake ce masa, kamar ɗakin ajiyar magani, kuma yana tattalinsa kamar ba za a sake kawo wani ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin ganinsa haka. Karon farko ke nan cikin shekara da wani abu ya sa ya manta da abincin rana. Nadiya ta tare ni a zaure tana faɗa wai na mayar mata da miji yaro. Ta gama faɗan ta ce, amma jiya ya yi dariya.

Matsalar ta fito ne da muka fara shiga manyan koguna. A saman gilashin mai magani akwai layin ran kowannenmu. In kana lafiya kore ne, in ka sha duka ya koma ruwan ɗorawa, in ka kusa faɗuwa ya yi ja. Ranar farko da Armiya'u ya ga wannan, na ga hannunsa ya tafi aljihun rigarsa, inda babu komai yanzu. Ka'idar wasan kuwa kowa ya san ta: mai garkuwa ake fara riƙewa, don in ya faɗi, dodo zai bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Armiya'u bai san wannan zance ba. Shi dai ja. Duk wanda ya yi ja, can zai kwashe sito ya juye. Kuma wa ke yin ja kullum? Jibrin, wanda yake wasa yadda yake tuƙa babur, kai a gaba ba birki. Sai ya kutsa inda ba a aike shi ba, ya yi ja, Armiya'u ya bi shi da saiwa da ganye da yayyafi. Ni ina ruwan ɗorawa ina ihu, kafin ya waiwayo na yi ja na faɗi, sito kuma ya ƙare. Dodo ya bi su ya tattake.

"Armiya'u! Ni nika shan dukan ga! Ni za ka riƙe!"

"Kai ɗorawa kake. Jibrin ja na."

"Jibrin wawa na! Bar shi shi mutu shi yi hankali!"

Jibrin yana gefe yana dariya, yana cewa Likita kada ka saurare shi, hassada ce. Armiya'u kuwa ya ce shi ba a koya masa tsallake ja ba. Haka muka yi wata biyu a bakin kogo guda, gaban wani dodo mai kan kada. Na yi lallashi, na yi zagi, na zana masa a takarda. Imrana ya nemo bayanin ƙwararru ya karanta masa. Ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, muka shiga, Jibrin ya yi ja, aka koma gidan jiya. Na gaji. Wasan da muke yi don mu huta ya zama wani aikin.

Sai Imrana ya lura da wani abu. Ya karɓi wayar Armiya'u zai duba masa sanda, ya ga akwai maki ɗaya a ajiye, ba a sa shi ko'ina ba. A ƙarshen hanyar warkarwa kuwa akwai magani guda da ya rage, wanda duk mai duruwid yake ɗokin kaiwa gare shi: tayar da wanda ya faɗi. Sau ɗaya tak ake yin sa a kowane faɗa, mutum ɗaya. Sabara ya isa wurin tun mako uku da suka wuce. Dannawa kawai ya rage.

Raina ya ɓaci sosai. Mako uku ina faɗuwa ina kwance a ƙasa, ashe maganin tashina yana aljihunsa.

"Don mi ba ka sa shi ba?"

"Ina nazari."

"Nazarin mi? Aure za ka yi da shi?"

Ya karɓi wayarsa ya sa aljihu ya ce lokacin salla ya yi. Saura kusan minti arba'in a kira magariba.

Kwana biyu bayan haka Sista Asibi ta zo da kanta. Mace ce gajera mai kauri, ta manyanta, ta sha hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura a motar haya, hanyar da kowa ke bi da addu'a a baki. Ta ƙi zama. Ta tsaya bakin shagona ta dubi Armiya'u da tarin caja a gabansa, ta daɗe tana kallo.

"Armiya'u, ɗiya sittin gare ni, mu huɗu muka aiki. An ba ni gurbi guda, na riƙe ma shi wata bakwai. Litinin in ba ka taho ba, za ni ba wani. Ba don ya kai ka ba, don ba ni iya jira."

"Sista, hannuna ya mutu."

"Hannunka ƙalau shike. Ni na koya mai aiki, na san shi."

Ta buɗe jaka ta ɗauko sabon tef na awo, ta ajiye a kan tebur tsakanin wayoyin mutane, ta juya ta tafi neman mota tun rana ba ta yi ba. Ranar Alhamis ce. Armiya'u bai taɓa tef ɗin ba, ni ma ban taɓa ba. Tef ɗin ya wuni a nan.

Da la'asar Jibrin bai zo ba, Imrana yana makaranta, mu biyu ne kawai. Ina cikin kwance wata waya, ban ko ɗago ba, na ce masa in bai gaya mini abin da ke cinsa ba, wallahi yau sai na danna makin nan da hannuna. Ban zaci zai yi magana ba. Sai na ji ya fara, a hankali, yana kallon titi.

Ya ce makon ƙarshe kafin a rufe asibitin, magani ya ƙare, hanya kuma ta lalace, ba mai fita. Wata safiya mata biyu suka zo kusan tare. Ɗaya da yarinya, Nusaiba, ɗaya da yaro, Abbati. Duka biyun gudawa, duka biyun suna buƙatar babban asibiti a Zurmi. Ya zaga ƙauyen kaf, mai babur ɗaya ne ya yarda zai fita, kuma uwa ɗaya da ɗa ɗaya zai iya ɗauka. Ya auna Nusaiba, ta yi nisa cikin ja, ko kuka ba ta iyawa. Ya auna Abbati, yana bakin ɗorawa, yana kuka da ƙarfinsa. Ya ɗora Nusaiba.

"Na san ba ta kaiwa, Sadiq. Tun da nid duba idonta na sani. Shekara goma sha ɗaya ina wanga aiki, na sani. Amma tef ya ce ja. In na bi tef, ba ni na zaɓa ba."

Nusaiba ta cika kafin su kai Dauran. Mai babur bai dawo ba, don a ranar aka tare hanyar, kwana uku ba shiga ba fita. Abbati ya rasu a rana ta biyu, a kan bencin rumfar asibiti, Armiya'u yana ba shi ruwan gishiri da sukari da cokali. Ya ce uwar yaron ba ta zage shi ba, ba ta ko yi masa kallon banza ba. Da za ta tafi ma godiya ta yi masa. Abin da ya kasa mantawa shi ne tun da safe, lokacin da babur zai tashi, ta tambaye shi, "Likita, nawa fa?" Ya ce mata babur zai dawo. Bai iya ce mata ya zaɓi wata ba.

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce masa rai na Allah ne, kwanansu ne ya ƙare. Ya ce ya sani, ya yi imani da haka, amma sanin bai hana shi ganin bencin ba. Sannan ya ɗauko wayar ya nuna mini makin.

"In mutum biyu sunka hwaɗi cikin wasan ga, layinsu ba ja ba na, ba ɗorawa ba. Toka-toka na, duka biyu. Ba tef. Ni za a kallo."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban saba ji a gabansa ba. Wata biyu ina zaginsa a kan dodo mai kan kada. Ban ba shi haƙuri ba, don tsakaninmu ba a yi, kuma da na yi da ya tsargu. Na dai tashi na sayo masa shayi, na sa aka zuba madara da yawa.

Juma'a ba mu yi wasa ba. Asabar da la'asar muka haɗu mu huɗu, ban ce wa su Jibrin komai ba. Muna shirin shiga kogo sai Imrana ya ce, "A'a, Likita ya danna!" Na leƙa. Makin ya tafi, wani ɗan koren toho ya bayyana a jerin magungunan Sabara. Armiya'u bai dubi kowa ba, ya ce mu shiga.

Kada ku zaci ya canja hali. Jibrin ya kutsa, ya yi ja, Armiya'u ya bi shi kamar kullum. Sai dai wannan karon dodon ya yi wata juyawa da wutsiya ya kwashe mu tare, ni da Jibrin, muka zube. Layina ya yi toka, na Jibrin ya yi toka. Saura Imrana yana gudu yana jifa, da Sabara a tsaye a tsakiya da sandarsa. Ran dodon saura kaɗan.

"Likita, ni! Ni! Kibiya ukku ta ishe shi!" in ji Jibrin.

Ni ban yi masa ihu ba, karon farko a tarihin wasanmu. Ina kallon babban yatsansa a saman gilashi. Daƙiƙa goma ake ba mai magani, in ta wuce shi ke nan. Na ga ya dubi layin dodon, ya dubi shuɗin layinsa, ya dubi inda Imrana yake. Ba launi yake nema ba, lissafin wanda zai iya riƙe faɗan yake yi. Ya danna sunana.

Na tashi da rabin rai na tare dodon, ya liƙa mini ganye, Imrana ya samu sarari ya yi ta zuba wuta har abin ya kife. Wata biyu muna jiran wannan rana. Imrana ya yi tsalle har ya ture kwalin caja. Jibrin kuwa, da yake wanda ke kwance ba ya samun rabo daga kayan dodo, ya tura baki gaba.

"Haba Likita. Ni fa?"

Da wasa ya faɗa. Amma na ga fuskar Armiya'u ta canja. Ya ajiye wayar a kan benci, ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci Jibrin, ya dube shi ido cikin ido.

"Guda ɗai gare ni. Na duba, na ga in na tashe ka duk muna mutuwa. Ni na zaɓa, ba kowa ba. Ka yi haƙuri."

Jibrin ya rikice, ya ce haba, ai wasa ne, mi ya yi zahi. Armiya'u ya ce ya sani. Ya tashi ya zaga bayan shago inda muke alwala, ya daɗe. Da ya dawo fuskarsa a wanke, ya tattara cajojin da Imrana ya zubar, ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo rufe shago na duba tebur, tef ɗin ba ya nan.

Litinin da sassafe Jibrin ya kai shi tasha, jaka ɗaya a cinya. Nadiya da yara suka zauna wurinmu sai ya samu ɗaki. Kafin su tashi Armiya'u ya miƙo mini wayar mai tsagaggen gilashi, na ce ya riƙe, ko ya samu sabis a can. Ya ce ba zai samu lokaci ba. Na ce ya riƙe dai, ba na son tarkace a shago.

Yau wata biyar ke nan. Sabara bai sake shigowa ba sai sau biyu, kuma duka biyun bai kai ƙarshen faɗa ba aka kira shi. Mun samu wani mai magani daga wata ƙasa, ya iya aikinsa, ba ya bin ja, ban sake mutuwa a banza ba. Wasan dai ya rage daɗi, ban san dalili ba, ko kuma na sani.

Makon jiya na kira shi da azahar, na ji hayaniyar yara a bayansa, irin kukan nan marar ƙarfi. Na tambaye shi aiki. Ya ce da godiya. Na ce ya bar ni da godiya, ya gaya mini gaskiya. Ya yi nazarinsa tukuna.

"Shekaranjiya injin iskar numfashi guda ya rage, ɗiya biyu na bukata."

"Ya kay yi?"

"Na zaɓa. Na gaya ma uwar ɗayan da bakina."

Ban tambaye shi yadda ta ƙare ba, shi ma bai faɗa ba. Na ji yana numfashi a cikin wayar.

"Na gaji, Sadiq," ya ce. "Wallahi na gaji."

Na buɗe baki zan ce masa ya dawo, benci na nan, caja na nan. Kafin in yi magana na ji muryar Sista Asibi daga nesa tana kiran sunansa, an kawo wani.

"Ina zuwa," ya ce, ba da ni yake ba. Ya manta bai kashe wayar ba, ya sa ta a aljihu. Na zauna a shago ina jin takunsa yana sauri.